Ranar Da Na Ce Ba Ni Da 'Ya

"Fita na ce, Wasila. Ba hira na kira ki ba."

"Gwaggo, don girman Allah, a gaban Inna? Me zan yi a bayan zana kamar wadda ta saci kaza?"

"Tsayuwa za ki yi. Ki karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma, a hankali, ba irin karatun nan naki na wadda ta bar tukunya a wuta ba. In kin gama ki shigo yadda kika saba shigowa. Iyakar aikinki ke nan."

Na kalli Inna, mahaifiyata, ko za ta cece ni, ta kau da kai tana gyara bakin mayafinta. Na kalli tabarma. Yarinyar tana zaune a tsakiya ta miƙe ƙafafu, a gabanta akwai ƙananan ƙoƙuna uku, da 'yar tsanar kara, da wani ɗan ludayi mai karyayyen hannu. Tun da muka sauka daga kan jaki da hantsi ba ta ɗago ta dube ni ba.

Kun ji na ce "yarinyar". Ku riƙe wannan, masu karatu, don duk abin kunyar da zan faɗa muku yau daga nan ya taso. 'Yata ce. Ni na haife ta, shekara biyu da wata bakwai ke nan. Ita ce ta fari, kuma sunan surukata aka sa mata, Fadima, mutanen gida suna ce mata Baiwa. Ni kuwa ko ɗaya cikin sunayen biyu bai taɓa fita daga bakina ba. A gidanmu na Gaya haka ake yi, macen kirki ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ko nono zan ba ta sai na juya wa ƙofa baya. Mata suna yaba ni, suna cewa, "Wasila akwai kunya." Ni kuma, Allah Ya yafe mini, daɗin yabon nake ji.

Ubanta, Sa'idu, ɗan Baffa Barau ne, wan mahaifina. Zazzaɓin damina ya ɗauke shi tana wata takwas. Da lokacin yaye ya yi aka shafa mini maɗaci a nono, aka ɗora ta a jaki zuwa Gafasa ta ƙasar Ajingi, gidan Gwaggo Hajo. Wata bakwai ke nan tana can, zuwana huɗu.

Na ja mayafina na fita. Na tsaya bayan zana, rana tana dukan ƙeyata, na fara karatu.

Bari in gaya muku wace ce Gwaggo Hajo kafin in kai ƙafa goma. Ƙanwar mahaifina ce. Kakanmu malami ne, ya koya mata rubutu tare da 'ya'yansa maza. Ta haifi biyar, uku sun rasu ba da daɗewa da yaye ba, alhali ba ciwon da aka gani a jikinsu, sai ƙin ci da yawan shiru. Tun daga nan ta ce sai ta san abin da yake cikin kan yaro. Shekara talatin ana kawo mata 'ya'yan yaye daga Ajingi da Kademi har cikin Gaya, ita kuma tana zaune a gefen tabarma da alƙalami da tawada tana kallonsu. Wata nawa yaro yake fara murmushi ga fuska, wata nawa yake fara ƙiwa, me yake yi in an ɓoye masa abu, duk tana rubutawa da ajami tana zubawa a gafaka, jakar fatar da malamai ke ajiye littafi. Gafakarta huɗu, ba littafin fiƙihu ko ɗaya a ciki, sai labarin masu majina. Maza suna yi mata dariya, Baffa yana cewa, "Hajo ta ɓata takarda mai tsada a kan wanda bai san hannun damansa ba." Amma duk wadda ɗanta ya ƙi abinci, ƙofar Gwaggo take bugawa.

A ƙafa ta uku na kasa haƙuri, na sa ido a wata 'yar kafa ta zanar.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ba ta waiwayi ƙofa ba. Sai dai ludayin da take juyawa cikin ƙoƙo ya tsaya cak. Ta riƙe shi a sama kamar an ce kada ta motsa. Gwaggo ta tsoma alƙalami.

Yau kwananta goma sha biyu ba ta yi magana ba. Yarinyar da aka ce da surutu take tashin kaji. Kuma na san dalili, ni kaɗai da Allah da mutum ɗaya.

Mutumin Surajo ne.

Hmm. Surajo marini ne daga Kademi, shi yake kawo wa Gwaggo takarda in ya dawo daga birni. A zaurenta ya fara ganina. Dogo ne, ba ya da yawan magana, hannayensa ruwan baba ya rina su shuɗi har wuyan hannu, in zai gaishe ni sai ya ɓoye su cikin hannun riga kamar ya yi laifi. Ni kuwa hannayen nan su nake so in gani. Wata uku yana aiko Barira mai kitso da goro a ƙunshe cikin ganye, a tsakiyar ƙunshin da 'yar guntuwar takarda, don ya ji an ce ina karatu. Barira takan ajiye ta ce, "Ga saƙon mai shuɗin hannu. In ya taɓa ki dai sai mun gane, ba ɓoyo." In jefe ta da matajin kai, in shige ɗaki in karanta sau bakwai.

Ranar nan, kwana goma sha biyu da suka wuce, na zo Gafasa na ci ado. Zanen saƙi baƙi mai ƙyalli, fatala mai ja a baki, murjani biyu a wuya, tozali har ya yi wutsiya, Barira ta yi mini kitson doka ta shafe shi da shuni. Muna zaure, ni a bakin ƙofar ciki, shi a can gefe kan buzu, sai ga yarinyar ta shigo da gudu ta kama gefen zanena. Ta saba da shi, yakan kawo mata alewa. Ya yi murmushi ya ce,

"Na faɗa wa Iya ɗaki biyu zan gyara. In Allah Ya kai mu, da Baiwa za ki tare ko?"

Masu karatu, tambaya ce mai sauƙi. "I" kawai zan ce, ko in yi shiru in sunkuyar da kai, ya gane. Amma namiji, wanda nake so, ya ambaci 'yar fari a gabana, kuma hannunta yana jikina. Kunya ta rufe ni ruf. Na fizge zanena daga hannunta na yi wata 'yar dariya na ce,

"Wa? Ai ni ba ni da 'ya. Wannan ta Gwaggo ce."

Kowace mace a Gaya ta taɓa faɗin irin wannan. Wasa ne, kowa ya san wasa ne. Sai dai mutum biyu ba su sani ba. Surajo maraya ne tun yana goye, kunya irin ta gidanmu bai tashi a cikinta ba, matar kawunsa da yake kira Iya ita ta riƙe shi. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To." Yarinyar kuma ta dubi hannunta da na cire, ta juya ta koma ciki, ba gudu.

Bayan kwana huɗu Barira ta kawo ƙunshi. Na buɗe takardar. "Na gaya wa Iya yadda kika ce. Ta yi murna, da ma ta ce agola sai da haƙuri. Ta aika wa Baffanku, sun shirya yarinya ta zauna a Gafasa. Ni dai na riga na rina wani ɗan zane ƙarami, ban san yadda zan yi da shi ba."

Na karanta, na tura takardar ƙarƙashin tabarma, na ci gaba da tankaɗe. Ban aika da amsa ba. Ta yaya zan ce wa namiji ina son 'yata? Da wane baki?

Abin da ya kawo mu yau ke nan, ni da Inna da Baffa. Baffa yana zaure, Surajo zai iso kafin azahar, za a roƙi Gwaggo ta riƙe yarinyar har aurenta, sannan a sa mana rana.

Ƙafa goma ta cika. Na share fuskata na ɗaga labulen asabari na shiga, yadda na saba, na wuce ta gefenta ban kalle ta ba, na zauna kusa da Inna.

Ita ma ba ta kalle ni ba. Ludayin ya ci gaba da juyawa cikin ƙoƙo.

Inna ta sauke ajiyar zuciya. "Kin gani, Hajo? Ko a jikinta. Yarinya ta saba da ke, ta yi hankali. Sai a bar ta."

"Ta yi hankali," in ji Gwaggo, tana goge bakin alƙalami. "Wasila, miƙo hannunki."

Ta kama hannuna ta ɗora a bayan yarinyar, tsakanin kafaɗunta. Wayyo Allah. Ƙirjin nan ƙarami bugawa yake kamar na tsuntsun da aka kama a hannu. Jikinta ya sandare ƙarƙashin tafina, amma idonta yana kan ƙoƙo.

"Ba fitar uwa nake kallo ba," in ji Gwaggo. "Kowane yaro yana jin fitar uwa. Dawowarta nake kallo. Na yi wannan da yara sun fi ɗari a kan tabarmar nan. Yawancinsu in uwa ta dawo sai su ruga su maƙale, su yi kukansu ya ƙare, su koma wasa. Wasu su ruga suna duka suna harbi, a ɗauke su su ƙi, a sauke su su ƙi. Wasu kuma ga su." Ta nuna ta da haɓa. "Su ne ake yabo. Su ne nake tsoro. Nawa ukun haka suka yi."

"Hajo, kada ki ɗora wa yarinya abin da ba ta sani ba," in ji Inna. "Me ɗan shekara biyu ya sani?"

Gwaggo ta ciro goro daga bakin zane, ta kife ƙoƙo a kansa.

"Ɗan wata biyar, in na yi haka, goro ya bar duniya, ya manta. Ɗan wata tara sai ya ɗaga ƙoƙo. Ya san abin da ba ya gani yana nan. To wadda ta san goro yana ƙarƙashin ƙoƙo, kina tsammani ba ta san uwarta tana Gaya ba? Ta sani. Ta kuma san ba ta zo ba." Ta juyo gare ni. "Ba ki gaya mini abin da kika ce a zaure ba, ban kuma tambaye ki ba. Na dai ga ta shigo ta zauna bayan randa. Kunyarki ta koya, Wasila. Kin nuna mata ba a kallo, ta daina kallo. Ɗaliba ce mai ƙoƙari."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, muryata can ƙasa, "Gwaggo, ai al'ada ce. Haka aka yi wa kowa."

"Haka ne. Ban ce a zubar da kunya ba. Mata da yawa suna yin ta a tsakar gida, su shiga ɗaki su rungume abinsu. Ke har ɗakin kika kai ta."

Ta miƙe da kyar tana dafa gwiwa, ta sauko da gafaka mafi tsufa daga rataye, wadda fatarta ta yi baƙi. Ta daɗe tana juya takardu. Inna ta ce, "Hajo," da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Gwaggo ba ta kula ta ba, ta miƙo mini wata takarda da gefenta ya cinye.

"Kina karatu. Karanta da ƙarfi."

Na karanta ina haɗa baƙi. "Yarinya mace, 'yar fari, wata ashirin da uku, daga Gaya. Kwana uku tana kuka. Kwana tara tana tsaye bakin zana, in ta ji kukan jaki sai ta leƙa. Ranar ashirin ta daina leƙawa. Ranar arba'in uwar ta zo. Yarinya ba ta tashi ba. Uwar ta ce, madalla, ta yi hankali. Da uwar za ta tafi na ga ta tsaya bayan rumbu tana kuka, ta toshe bakinta da mayafi. Yarinya ba ta gani ba."

A ƙasa an rubuta suna. Sunana ne.

Ni ma 'yar fari ce, masu karatu. Shekarata ashirin da ɗaya ban taɓa jin "Wasila" a bakin Inna ba, sai "ke 'yar nan". Na tashi ina tsammani haka Allah Ya yi ni, ba mai shiga rai ba. Na ɗago na dubi Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta suna motsi.

Daga waje muka ji sallama, muryar da na sani ko cikin kasuwa. Surajo ya iso. Baffa ya ɗaga murya, "Hajo! Baƙo ya zo. A fito da magana, rana tana yi!"

"Yanzu, Yaya!" Gwaggo ta amsa, sannan ta rage murya. "Zan riƙe ta in an ce in riƙe. Ba za ta rasa tuwo ba, ba za ta rasa goyo ba, wataƙila ma ta warware a hannuna, na ga waɗanda suka warware. Amma ni tsohuwa ce, kuma ba ni take jira ba. Ke kika san abin da za ki yi."

Na sauka daga kan kujera na durƙusa a tabarma. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Wallahi sai da na gwada sau uku.

"Ba... Baiwa."

Ludayin ya tsaya.

"Baiwa. Fadimatu. Zo."

Ba ta zo ba. Na so in ce muku ta rugo ta faɗa jikina, amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya ba. Ta ɗago a hankali ta zuba mini ido, idon Sa'idu sak. Ta buɗe bakin da ya yi kwana goma sha biyu a rufe, murya a dushe, ta ce,

"Ni ta Gwaggo ce."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Maganata ce ta ajiye mini, ba ta ɓatar da ko harafi ba. Hawaye suka wanke tozalin da na ɓata safiya ina sawa.

"Ƙarya na yi," na ce. "Ƙarya na yi, Baiwa. Tawa ce ke. Ni na haife ki."

Ta tashi tsaye. Ta tako, taku ɗaya, biyu. Ta ɗaga ludayin ta kwaɗa mini a goshi, ƙwas! Ta ƙara. Sannan ta ƙwala wata irin ƙara da ta sa kaji suka watse a tsakar gida, tana dukan ƙirjina da hannu biyu, tana turewa tana kuma riƙe da murjanina.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo, har da tafa hannu. "Ta yi fushi! Bar ta ta dake ki, kin ci bashin..." ta katse, ta girgiza kai. "Riƙe ta dai. Kada ki sake ta ko ta cije ki. Wanda ya fid da rai ba ya fushi." Ta riga ta jawo tawada.

Ta cije ni kuwa, ga tabon nan a damtsena. Na riƙe ta har kukan ya koma shessheƙa, har ta cusa fuskarta a wuyana, majina da hawaye suka ɓata fatalar da na aro don Surajo ya gani.

"Hajo!" Baffa ya sake kira. "Wai yanka yarinyar ake yi?"

Na miƙe. Na juya ta baya, na sunkuya. Na laluba ban ga abin goyo ba, don ban taɓa zuwa gidan nan da shi ba. Sai na ji an ɗora mini mayafi a baya, an ja, an ɗaure mini a ƙirji tamau. Hannun Inna ne. Kanta ba lulluɓi, idonta jajir.

"Baffanki ne fa, kuma surukinki," ta ce a hankali. "Za a yi da ke a Gaya har a gaji."

"Na sani, Inna."

"To gyara ɗaurin ƙasa, kada ta zame." Ta sake buɗe baki. Na jira ko sunana zai fito. Bai fito ba. Ta dai gyara mini fatala, abin da ba ta taɓa yi ba.

Tsakanin ɗakin Gwaggo da zaure taku ashirin ne, amma na ji kamar daga Gafasa zuwa Gaya a ƙafa. Ina tuna Iyar Surajo da ta riga ta yi murna. Ina tuna ɗaki biyun da wataƙila ya koma ɗaya. Ina tuna cewa bazawara mai goyo ba kullum ake samun mai ɓoye hannu don kunyarta ba. In ya tashi ya kama jakinsa, ba ni da abin cewa, ni na faɗa masa da bakina.

Na tsaya a ƙofar ciki na durƙusa. Baffa yana kan buzu da carbi. Da ya ga goyon, carbin ya tsaya, ya kau da kai da sauri kamar ya ga abin da bai kamata ba.

"Subhanallahi. Ke! Lafiyarki? A gabana? Koma ciki ki turo mini Hajo."

Surajo yana gefe, farar riga, hannaye a ɓoye. A kan cinyarsa akwai wani ɗan ƙunshi, bakin shuɗin zane ya leƙo daga ciki. Ban san ko ya kawo ne ya bar wa Gwaggo ba. Ban bari na kalli fuskarsa ba, don in na kalla ba zan iya ba.

Baiwa ta damƙe kafaɗata. Na ji bugun ƙirjinta a bayana, ya fara sauka.

"Baffa, ka gafarce ni, yau ɗaya zan yi rashin kunya." Na juya wajen Surajo kaina a ƙasa, na ɗaga murya yadda har na cikin gida za su ji. "Malam, abin da na faɗa maka a zauren nan ba gaskiya ba ne. Ina da 'ya. Sunanta Fadima. In an sa rana, da ita a bayana zan shiga Kademi. In kuwa babu wurinta a can, to kada a sa."